Abin da jama'a suka ce kan saka girafi a talla

To na bi duk maganganun da aka yi kan yadda ya kamata a saka girafi, wato zanen da ke nuna lambobi, a tallan kaya, ga inda aka dace da inda aka rabu:

1. Kusan kowa ya yarda hoto ɗaya saƙo ɗaya. In farashin shinkafarka kake son a gani ya fi na wasu sauƙi, to shi kaɗai za ka nuna, kar ka cusa lambobi goma mutum yana duba status a waya ya rasa me zai kalla ya wuce abinsa.

2. Girafi mai sanduna a tsaye don kwatanta kaya, mai layi kuma don nuna yadda ciniki ke hawa wata-wata.

3. Kar a yanke gindin sanda, a fara daga sifili, in ba haka ba ƙaramin bambanci sai ya zama kamar dutse, kwastoma ya gano shi ke nan amana ta tafi.

Inda aka yi ta ja-in-ja kuwa kan girafi mai siffar da'ira ne, da'irar nan mai yanka-yanka, wasu sun ce mutane sun saba da ita, wasu sun ce in ta wuce yanki uku ba mai ganewa. Ni dai ina tare da na biyun.

Manhajar zana girafin kuma, Canva ko Excel, kowa da wanda hannunsa ya saba.