Matashin da bai kai shekara 18 ba idan ya yi fyaɗe, wane hukunci ya dace da shi?

Malamar Firamare:
Assalamu alaikum. A unguwarmu an kama wani yaro ɗan shekara 16 da laifin yi wa yarinyar maƙwabtansu fyaɗe, kuma tun kafin a kai maganar gaban hukuma dattawa suka fara cewa ƙuruciya ce, a yi sulhu a rufa asiri. Ina so masana su bayyana mini: shin doka tana hukunta irin wannan yaro kamar yadda take hukunta babba, ko kuwa shekarunsa suna rage masa nauyin laifin?

Ɗalibin Shari'a:
Wa alaikumus salam, Malama. Amsar ta danganta da jihar da abin ya faru. Dokar VAPP ta 2015, wato dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya yi fyaɗe, amma idan mai laifin bai kai shekara 14 ba, hukuncinsa ba zai wuce ɗaurin shekara 14 ba. Ita kuwa Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 tana ɗaukar duk wanda bai cika 18 ba a matsayin yaro, ta hana a yanke masa hukuncin kisa, kuma ta fi son a tsare shi a gidan gyaran tarbiyya maimakon a haɗa shi da manyan fursunoni. Ko dokar Jihar Kaduna ta 2020, wadda ta kawo dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 14 ba fyaɗe, ta ware mai laifin da shi kansa yaro ne, ta mayar da shi ƙarƙashin dokar yara. Saboda haka ana sassauta masa, amma babu dokar da ta ce a sallame shi a zauren mai unguwa.

Baban Gida:
Ni dai ban gamsu da wannan sassauci ba. Ɗan shekara 16 ya san abin da yake yi, tunda har ya san ya jira lokacin da babu kowa a gida, ya kuma tsoratar da yarinyar kada ta faɗa. A fiƙihun Malikiyya ba a jiran shekara 18 sai idan alamomin balaga ba su bayyana ba. Da zarar sun bayyana, mutum ya zama mukallafi, alƙalami ya hau kansa. Wanda bai balaga ba ma, ko da ba za a tsayar masa da haddi ba, alƙali yana ladabtar da shi gwargwadon laifinsa. Me zai sa mu fi shari'a tausayi?

Uwar Biyu:
Baban Gida, gaskiyarka, sai dai ina tsoron inda za a kai shi. Gidajen horar da matasa masu laifi na gwamnatin tarayya da aka daɗe da sani suna Kaduna da Ilorin da Abeokuta, kuma idan babu gurbi, yaron yakan ƙare a kurkuku tare da waɗanda za su ƙara lalata shi, ya fito ya fi da muni. A ganina a tsare shi shekaru masu yawa, a raba shi da unguwar gaba ɗaya, a kuma tilasta wa iyayensa ɗaukar nauyin maganin yarinyar da karatunta.

Malama, kafin mu ƙare gardamar shekara nawa za a ba shi, don Allah ki gaya wa mahaifiyar yarinyar ta kai ta asibiti yau ɗin nan, domin maganin rigakafin cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, kuma takardar likita muhimmiyar hujja ce a gaban kotu.