Hanci bai san daɗin gishiri ba: gaskiya ce ko an zalunci hanci?

'Yar Tibiri: Assalamu alaikum. Ina karatun likitanci a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke Maraɗi, yanzu muna kan hanyoyin numfashi, sai karin maganar nan ta tsaya mini a rai. Ni dai ina ganin an zalunci hanci. Jijiyoyin jin ƙamshi suna can saman kogon hanci, kuma in mutum yana tauna, ƙamshin abincin ta bayan maƙoshi yake hawa ya iske su. Shi ya sa mai mura zai ci kilishi ya ce bai ji komai ba. To ina rashin sanin daɗi a nan?

Na Madarunfa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ai ba daɗin miya suka ce ba, gishiri suka ce. Ki ɗauki kantun Bilma ki sunsuna, ba abin da za ki ji. Zaƙi, ɗaci, tsami, gishiri da daɗin nan irin na romo duk aikin harshe ne. Mai murar da kika kawo, in gishiri ya yi yawa a miya zai faɗa miki nan take. Magabata sun zaɓi daidai abin da hanci ba shi da rabo a ciki.

Tsohon Malami: 'Ya'yana, kun shiga jiki kun bar maganar. Mu da muka taso, ana faɗinta ga wanda ke kusa da alheri amma bai san darajarsa ba. Kowace loma ta ƙarƙashin hanci take wucewa, ko ɗanɗane bai taɓa yi ba.

Na Madarunfa: Baba, kusancin ma ya wuce haka. A farkon halittar jariri a cikin uwa akwai lokacin da babu katanga tsakanin kogon baki da na hanci. Ganɗa, wato rufin baki, ita ce ke tsirowa daga gefe biyu ta haɗe a tsakiya, zuwa wajen mako na 12 ta gama rufewa. Haka ma maƙogwaro: a mako na 4 yake tohowa daga bututun da zai zama hanyar abinci, sannan su rabu, ɗaya gaba ɗaya baya. In rabuwar ba ta cika ba, jariri ya riƙa ƙwarewa tun shan farko. Kai ko a babba hanyoyin biyu suna haɗuwa a maƙoshi, marfin maƙogwaro ne ke taimakawa wajen tare abinci lokacin haɗiya.

Ungozoma: Wannan na gani da idona. Jaririn da ganɗarsa ba ta haɗe ba, nono ta hanci yake fitowa, ba ya iya zuƙa da ƙarfi, uwa ta yi ta kuka tana zaton laifinta ne. Ba laifinta ba ne, kuma ana gyarawa da tiyata. Ni abin da ke damuna da karin maganar, tana sa a raina hanci. Jariri ta hanci ya fi yin numfashi. Lokacin hunturu, in ƙura ta toshe shi da majina, tsotso ma gagararsa yake. Me muke ɗiga masa? Ruwan gishiri mai tsabta na kantin magani, giram 9 a lita.

'Yar Tibiri: Inna, kin faɗi abin da ke raina. Hanci ke ɗumama iska, ya jiƙa ta, ya tace ƙura kafin ta kai huhu. Hawaye ma, masu gishiri, ta wata 'yar hanya suke gangarowa cikinsa.

Tsohon Malami: Ba wanda ya ce ba shi da aiki, ɗiyata. An ce dai akwai daɗin da bai sani ba.

Ungozoma: To Malam, in haka ne, kuskure ne a jefi mutum da ita don wulaƙanci, kamar yadda nake ji ana yi wa matan ƙauye in sun ƙi wani magani. Sau da yawa ba a yi musu bayani ba ne.

Na Madarunfa: Inna, nan kam ina tare da ke. Amma Baba, a ganinka za a iya faɗa wa likitan da ke raina aikin ungozoma ita?

Tsohon Malami: Ƙwarai kuwa, in dai bai taɓa kwana a ɗakin haihuwa ba.