Shawarwari kan aika mota ta hannun mai dako idan an yi wa soja canjin wurin aiki a Amurka

Wasu iyalan sojoji da suka tattauna batun sun fi nanata cewa idan canjin cikin ƙasa ne, misali daga Kalifoniya zuwa Bajiniya, yawanci gwamnati ba ta biyan kuɗin dakon mota, kuɗin tafiya take bayarwa. Don haka a nemi mai dako da wuri, musamman daga Mayu zuwa Agusta, lokacin da ake rububi.

A tabbatar ko dillali ne ko mai tirelar, a duba lambar rajistarsa ta USDOT, wato Ma'aikatar Sufuri ta Amurka. Abin da na fi ɗauka da muhimmanci: a wanke motar, a ɗauki hoton kowane ƙarzane, a ga an rubuta shi a takardar karɓa kafin sa hannu. A bar mai kwatan tanki kawai.