Tsintuwar da ta shekara: rabon direba ce ko amana?

Babban Yaya: Salamu alaikum jama'a. Ƙanena direba ne, yana jigila daga Gusau zuwa Sakkwato. Wata 14 ke nan, yana wanke mota da dare sai ya ga wata leda ta maƙale a ƙarƙashin kujerar baya. Kuɗi ne masu kauri an ɗaure da roba, sai ɗan ƙunshin gwal a tsumma. Ba zan faɗi adadi ba, mai su ne zai faɗa. Ya kai cigiya tashar Gusau da ta Mafara da ta Sakkwato, an faɗa a rediyo sau uku. Mutum biyu sun zo: ɗaya ya ce jaka ce ta fata, ɗaya bai ma san da gwal ba. Yanzu injin motar ya buga, shi kuma ya dage shekara ta wuce, halalinsa ne. Ni raina bai kwanta ba.

Ɗan Kamasho: Yaya, mi kake jira? Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Yaron nan ya yi abin da ko cikin direbobi ɗari da wuya ka samu biyar su yi. Allah ya gwada shi shekara guda, ya ci jarabawa. Shi gyara motatai kawai.

Malam na Zaure: A bi a hankali, Ɗan Kamasho. Hadisin Zaidu ɗan Khalid yana cikin Bukhari da Muslim: Manzon Allah (SAW) ya ce a gane mazubin abin da maɗaurinsa, a yi cigiya shekara, in mai shi bai zo ba sai wanda ya tsinta ya ga yadda zai yi da shi. Amma a wata ruwayar an ƙara cewa abin ajiya ne a hannunsa, ko yaushe mai shi ya ɓullo sai ya biya. Malamanmu na Malikiyya sun ba da zaɓi uku bayan shekara: ya ci gaba da ajiyewa, ko ya yi sadaka da shi, ko ya yi amfani da shi. Biyun ƙarshe duk da lamuni a wuyansa. Abin da mutane ba su lura da shi ba: in ya ajiye bai taɓa ba, ɓarawo ya ɗauke ba da sakacinsa ba, babu ranko a kansa. Ranar da ya zare ko dubu ɗaya ya kai wa bakanike, ya zama mai bashi.

Ɗan Kamasho: To ai Malam kai ma ka ce ya halatta.

Malam na Zaure: Na ce ya halatta ya ci bashi. Ka tambaye shi ko yana da abin biya in an ƙwanƙwasa ƙofa gobe.

Hajiya mai Atamfa: Ku gafarce ni Malam, ni ajiyar ce ke damuna. Naira ba ta ajiyuwa. A farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, zuwa farkon 2024 ta haura 1,400. Ku tuna kuma da canjin kuɗi, lokacin da Babban Banki ya ce tsofaffin 200 da 500 da 1,000 sun daina aiki, sai da jiharmu da Kaduna da Kogi suka kai ƙara Kotun Ƙoli. Da wannan ledar a lokacin take ƙarƙashin katifa fa? Wanda ya rungume takarda shekara biyar ya miƙa wa mai ita, amana ya riƙe ko asara ya adana masa? Gwal ɗin dai kada a taɓa shi, shi ba ya tsufa. Kuɗin ne abin dubawa.

Lauya: Ƙarin bayani kaɗan. Ko a Penal Code, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, tsintuwa ba sata ba ce, amma wanda ya mayar da ita tasa alhali yana da hanyar gano mai ita, ko bai jira gwargwadon hankali ba, ya yi laifi. Tun 2000 muna da kotunan shari'a a Zamfara. Ya je gaban alƙali a ƙirga, a rubuta, a sa shaidu. Kariya ce gare shi.

Ɗan Kamasho: A kai hukuma? Hmm. Nan ne tsintuwa ka ɓacewa karo na biyu.

Lauya: Ban ce ya bar musu ba. Na ce a rubuta.

Inna ta Maru: 'Ya'yana, duk kuna ta lissafi, ba wanda ya tambayi wace ce ke yawo da kuɗi da gwal a leda guda. Ɗan kasuwa ba ya haɗa kuɗinai da 'yan kunne. Ni na san irin wannan ƙunshin, don na taɓa ɗaura shi. Da anka ɗauke ɗan ƙanwata, gida-gida munka bi, wannan ta ciro awarwaro, wannan ta sai da akuya. Wanda ya yar da irin wannan ba ya zuwa tasha ya ɗaga murya, tsoron masu kai rahoto daji yake. Wataƙila ma garinsu ya tashi, suna gudun hijira inda ba su jin rediyon Gusau. Shekarar da ake faɗi, ai ta mutanen da ke zaune gidajensu ce.

Babban Yaya: Inna, wallahi jikina ya yi sanyi. Kuɗin duk tsofaffi ne, gauraye, har da 'yan ɗari biyu-biyu da suka sha hannu. Ba irin na banki ba ne.

Malam na Zaure: Inna ta fi mu gani. Cigiya ba ƙirga watanni ba ce, sharaɗinta a yi ta inda ake sa ran mai abu zai ji. Tasha uku da rediyo ƙoƙari ne, amma motar nan tana sauke mutane a Bungudu da Maru da ƙauyukan kan hanya. An kai magana wurin hakimai da limaman Juma'a na can? A bakin ƙofa fa, don an hana cigiya a cikin masallaci. In ba a yi ba, ni a ganina shekarar ba ta cika ba tukuna.

Hajiya mai Atamfa: Kuma 'yar Bungudu ce ta tsinci dala 80,000 a Hajjin 2023 ta mayar. Kada maza su ba mu kunya.

Ɗan Kamasho: Hajiya, ita ba injinta ne ya buga ba. Yaron ga yana da mata da ɗiya huɗu, mota na kwance garejin bakanike mako uku. Ku da kuke cewa kada shi taɓa, wa zai ba shi na cefane?

Inna ta Maru: Wannan kuma gaskiya ce, ɗan nan. Ku saka ni dubu biyar.

Babban Yaya: Allah ya saka, Inna. Lauya, ranar Litinin za ka samu raka mu kotu? Malam, ina roƙon ka rubuto mana yadda za a faɗi cigiyar ba tare da an ambaci gwal ko sunan ƙanena ba, sai in kai wa limaman da kaina. Ɗan Kamasho, kai ka san 'yan tasha, nawa ake samun injin Golf na hannu yanzu?

Ɗan Kamasho: Bari in tambayo. Amma in mai leda ya zo, a gaya mishi tukuici ba haramun ba ne.