Sun sabunta min kwantiragin intanet ba da sanina ba, ya zan soke?

Salam 'yan uwa. Ina Kofar Kaura nan cikin Katsina. Bara na sa intanet na gida, irin mai eriya a saman rufi da rauta a falo, kwantiragin shekara ɗaya. Ƙarshen watan jiya ya kamata ya ƙare, ina zaune kawai sai ga alat an ciri kuɗi a katin ATM ɗina, wai sabuntawa ce da kanta, kuma har da ƙarin dubu takwas a wata. Ko tes ba su turo ba.

Na san NCC, hukumar da ke kula da kamfanonin sadarwa, ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ba ƙarin ne ya fi ƙona min rai ba. Sabis ɗin ne, daga an yi magariba fitilar rauta sai ta koma ja, ko bidiyon WhatsApp ba ya buɗewa har sha ɗayan dare.

Na kira kastoma kiya sau uku, kullum "ana dubawa". Na je ofis, yaron da ke kanta ya ce in dai zan soke sai na biya wata uku kuma in maido rautar, alhali da kuɗina na saye ta, rasit na hannuna. Na ce to a maida ni ƙaramin tsari, wai sai manaja, manaja kuma baya nan. Takardar da na sa wa hannu ban ga zancen tarar nan ba.

In na sa banki ya toshe katin sannan na kai ƙara NCC ta lambarsu 622, za su iya bina bashin wata ukun?