Kare tsofaffi daga faɗowa daga gadon asibiti

A zaman da ma'aikatan jinya da 'yan uwan marasa lafiya suka yi a Gusau, an fi tsayawa kan dare. A lokacin ne dattijo kan yunƙura zuwa fitsari shi kaɗai, don nauyin tayar da 'yarsa. Aka ce a sassauto gado, a kulle tayoyinsa, a ajiye fo da tocila kusa da hannu. Mai shan maganin hawan jini ko na barci ya fara zama a bakin gado har jiri ya lafa kafin ya miƙe.

An yi ja-in-ja kan ƙarfen gefen gado. Ina tare da masu cewa hatsari ne ga wanda ya rikice: zai haura, ya faɗo daga sama, ƙugu ya karye. Ruwan alwala da ya zube a ƙasa kuwa, a goge shi nan take.