Takardar ƙwarewa ta akanta: tana ɗaga mutum a wurin aiki kuwa?

Asma'u K.

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka san harkar ce. Mace ce mai digirin akanta, ta yi shekara 3 a sashen kuɗi na kamfani, aikinta biyan masu kawo kaya da daidaita lissafin banki. Idan ta ɗauki takardar ƙwarewa irin su ACCA (ta ƙungiyar akantoci da ke Birtaniya) ko CPA (lasisin akanta na Amurka) ko CMA (ta lissafin gudanar da kamfani), da gaske hakan zai buɗe mata aiki mafi kyau, ko gogewa kaɗai ake dubawa? Wacce kuma ya dace ta fara? A taimaka da bayani dalla-dalla, abu ne mai cin kuɗi da shekaru.

Baba Odita

Wa alaikumus salam 'yata. Tana buɗewa, amma ba a kowane mataki ba. A kujerar da kika kwatanta, babu wanda zai ƙara albashi don an ci jarrabawa, saboda aikin kansa bai buƙaci wannan ilimin ba. Amfaninta yana fitowa ne a bakin ƙofar manajanci. Ki tattaro tallan gurbin manajan kuɗi ko kwanturola (shugaban sashen lissafi) guda 20 ki karanta sharuɗɗansu, za ki ga sau nawa aka rubuta cewa sai mamban ƙungiyar ƙwararru. Mai tace takardun masu neman aiki, ko mutum ne ko manhajar kwamfuta, da wannan layin yake fara zubar da mutane tun ba a karanta gogewarsu ba. Haka a manyan kamfanonin odit, wato binciken lissafin kuɗi, irin su Deloitte, PwC, EY da KPMG, galibi ba a kai mutum matsayin manaja sai ya kammala.

Sai maganar sa hannu, wadda ita ce mutane suka fi rikicewa a kanta. Sa hannu a rahoton odit na kamfani haƙƙi ne da dokar kowace ƙasa take bayarwa. A Amurka hukumar akantoci ta jiha ce ke ba da lasisin CPA. A sauran ƙasashe akwai ƙungiyar da doka ta amince da ita. Zama mamban ACCA kaɗai bai ba mutum wannan dama ba, sai ya nemi lasisin aiki daban, ya kuma cika sharaɗin ƙasar da yake. Don haka duk mai burin buɗe ofishin kansa na odit, ya fara tambayar wace ƙungiya doka ta sani a inda zai zauna, kafin ya biya kuɗin rajista ko'ina.

Hajiya Rabi

Na yarda da Baba. Bari in faɗi yadda ACCA take, tunda ita kika fara ambata. Jarrabawa 13 ce a matakai uku: 3 na tushe, 6 na tsakiya, sai 4 na ƙarshe, inda 2 tilas ne, 2 kuma ki zaɓa daga cikin 4. Makin ci kashi 50 ne. Ana zama sau huɗu a shekara, Maris, Yuni, Satumba da Disamba. Bayan jarrabawa akwai darasin ɗa'ar aiki, sannan gogewar wata 36 da manufofin aiki 9, waɗanda ƙwararren akanta da ya san aikinki zai sa wa hannu. Ƙungiyar ta sanar da sake fasalin manhajarta daga 2027, don haka ki tabbatar da tsarin da zai same ki.

Inda ake faɗuwa kuwa, ga shi. Mai digirin akanta ana iya ɗauke masa har jarrabawa 9, kuma kowacce da aka ɗauke sai an biya mata kuɗi. Mutane suna murna su karɓe duka. To, wadda ta karanta rahoton kuɗi shekara biyar da suka wuce, aka ɗauke mata takardar rahoton kuɗi ta matakin tsakiya, sai ta tsinci kanta a takardar rahoto ta matakin ƙarshe, wadda ke ɗauka cewa ta riga ta iya haɗa lissafin uwar kamfani da rassanta, ta san ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya, wato IFRS 15 na kuɗin shiga, da IFRS 16 na haya, da IFRS 9 na basussuka da hannun jari. Nan ake maimaita takarda sau biyu sau uku. Ko dai ki ƙi karɓar wannan sassaucin, ko ki ware watanni ki karanta littafin takardar da aka ɗauke miki kamar za ki zauna ta.

Na biyu, lokaci. Jarrabawar awa 3 mai maki 100 tana nufin minti 1.8 ga kowane maki, wato tambaya mai maki 20 minti 36 take da shi, ba ƙari. Da yawa sun san amsa, amma sun ƙare rabin lokacinsu a tambayar farko, suka bar ta ƙarshe fayau. Maganinsa yin tsofaffin tambayoyi da agogo a gaba, a kan kwamfuta, domin a kanta ake rubutawa. Mai aikin ofis kada ta wuce takarda 1 ko 2 a zama guda, kuma kada ta sa mai nauyi a lokacin rufe littafin shekara na kamfaninta. Ki kuma sani cewa daga ranar da kika ci takardar farko ta matakin ƙarshe, shekara 7 gare ki ki gama sauran.

Sani Kwanturola

Hajiya ta yi bayani, amma ni ina ganin kada a fara da tambayar wacce ta fi suna. A fara da kujerar da ake so nan da shekara biyar.

Mai son kasafi, lissafin kuɗin sarrafa kaya da hasashen riba a cikin kamfani, CMA ko takwararta ta Birtaniya, CIMA, sun fi kusa da aikinsa. CMA kashi 2 ce kawai, makin ci 360 cikin 500, ana son digiri da shekara 2 na aiki a jere, kuma shekara 3 ake ba mutum ya ci duka biyun. Mai son binciken lissafi na cikin kamfani, takardar da ake kira CIA ce tasa, kashi 3. Ita kuwa CPA, tun Janairun 2024 kashi 3 ne na tilas, na odit, na rahoton kuɗi, da na haraji haɗe da doka, sai 1 na zaɓi, makin ci 75. Amma an gina ta ne a kan ƙa'idojin lissafi da dokar harajin Amurka. Wanda ba zai yi aiki a can ba, ba kuma a reshen kamfanin Amurka ba, zai ƙare watanni yana haddace harajin da ba zai taɓa lissafawa ba. Sharaɗin yawan karatun jami'a ma ya bambanta daga jiha zuwa jiha.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya ci jarrabawa duka alhali bai taɓa rufe littafin wata ba. A ganawar ɗaukar aiki tambaya ɗaya ke tona shi: kuɗin da ke littafi bai yi daidai da na rahoton masu bin kamfani bashi ba, daga ina za ka fara nema? Takarda ta kai shi ɗakin, amma ba za ta amsa masa ba. Don haka tun a shekarar farko ta karatu, ki nemi a ba ki wani yanki na rufe wata: kuɗaɗen da aka ci ba a biya ba, raguwar darajar kadarori, rajistar kadarori, shirya takardun da masu odit ke nema. Ki kuma ƙware a Excel da manhajar da kamfaninku ke amfani da ita, ko SAP ce ko Oracle ko Sage.

Asma'u K.

Allah ya saka da alheri. To idan shugaban sashen ba mamban kowace ƙungiya ba ne, wa zai sa hannu a wata 36 ɗin? Shekara ukun da suka wuce kuma sun tafi a banza ke nan?

Hajiya Rabi

Ba su tafi ba ƙanwata. ACCA tana karɓar gogewar da aka yi kafin rajista, muddin aikin ya shafi lissafi ko kuɗi kuma akwai wanda zai tabbatar da shi. Shugaban da ba mamba ba zai iya tabbatar da tsawon lokacin, su kuma manufofin sai a nemi ƙwararre da ya san aikinki, ko daga wani sashe ko odita na waje da ke duba littattafanku. Ki karɓi sa hannun tun kina wurin, domin bin tsohon shugaba bayan an bar aiki wahala ce. Sai dai biyan masu kawo kaya kaɗai ba zai cika manufofi 9 ba, nan shawarar Malam Sani ta shigo.

Idan kamfani ya ce zai biya miki kuɗin karatu, ki karanta yarjejeniyar da kyau: shekara nawa za ki zauna bayan kammalawa, nawa za ki mayar idan kika tafi da wuri, wa ke biya idan aka faɗi takarda. Ki sa kuɗin mamba na shekara-shekara a lissafinki, da awa 40 na ƙarin ilimi da ACCA ke nema kowace shekara, 21 daga ciki masu shaida a rubuce.